Na Ɗinke wa 'Yata Takardun Karatunta, Na Datse Gefensu

Gwaggo mai filin shawara, ina gaisuwa. Ki agaza mini, abin nan ya sha kaina, kuma ni ba mutum ne mai saurin faɗin haka ba. Ina jin ma na girme ki, amma tunda kowa Gwaggo yake ce miki, ni ma na bi sahu.

Ni maɗinkin littattafai ne, shekara talatin da ɗaya ke nan. Na fara da allura ɗaya da zare da gwangwanin gam, a kan teburin aro a bakin ƙofar wata makaranta. Yau ina da shago mai ƙofa biyu, da injin yankan takarda mai dogon hannu, da matsi biyu na ƙarfe na danne littafi, da injin buga rubutun zinare a bango. Babu wanda ya ɗaga ni sai Allah, sai gumina. Karatuna a sakandare ya tsaya, ita ɗin ma da jan ciki na fita, ba zan ɓoye miki ba. Amma da wuya ki sami mai digiri a yankinmu wanda kundinsa bai bi ta hannuna ba. Littafi kuwa, ko a rufe mini ido, in aka ɗora mini shi a tafi na shafa gadon bayansa, zan faɗi ko zai shekara ashirin ko damina ɗaya zai gani.

Matsalar a kan 'yata ce ta biyu. Tun tana firamare nake ce mata Dakta, ita kuma tana ce mini Farfesa, wai don na fi farfesoshi taɓa littafi. Allah Ya amsa nawa kiran, ta gama makarantar likita. Sai dai akwai jarrabawar da dole ta ci kafin a ba ta lasisin aiki. Bara ta zauna, ta faɗi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Takardar sakamakon ta nuna wurare biyu da ta yi rauni: fannin sassan jikin mutum, wato ƙashi da tsoka da jijiyoyi da inda kowace ta bi, sai fannin yadda ɗa ke samuwa a ciki mako bayan mako. Ƙawayenta suna can asibiti da farar riga, ita tana gida. Zama na biyu saura mako bakwai. In ta sake faɗuwa, wata shekara ce kuma a ɗaki, kuma ni na ga yadda ta farkon ta rame ta.

To, ni uba ne, ba zan naɗe hannu ina kallo ba. Na duba abin da take karatu da shi sai raina ya ɓaci. Wani siririn littafi ne kamar na lissafin 'yan aji uku, takardarsa mai arha, ko ɗinki babu, gam kawai aka shafa masa, irin aikin da in ni na yi shi ba zan yarda a ce daga shagona ya fito ba. Sai waya, kullum tana latse-latse, wai tambayoyi take amsawa. Ni dai na san abin da 'ya'yan zamani ke yi a waya.

Na tafi wurin abokina mai sayar da littattafai na ce ya fito mini da na likitoci, manyan. Ya jero kusan goma. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na buɗe tsakiya na duba zare, na ɗaga shafi a haske, na shinshina gam ɗin. Na zaɓi uku waɗanda aikinsu ya cika. Kowanne in ya faɗo wa mutum a ƙafa, shi ma sai ya nemi likita. Na kai mata da hannuna. Ta durƙusa ta karɓa, ta yi godiya sosai, har da addu'a.

Bayan mako guda na leƙa ɗakinta. Ɗaya yana ƙarƙashin kwamfutarta, wai ya ɗaga mata ita daidai ido saboda wuyanta. Na biyu ya tokare ƙofa don kada iska ta riƙa buga ta. Na ukun ne kawai, mai hotuna, na gani a buɗe.

Yanzu ga inda na fi son ki saurara. Ranar wata Juma'a ta tafi duba ƙanwar mahaifiyarta da ba ta jin daɗi, za ta kwana biyu. Da safiyar Asabar na shiga ɗakinta don gyara sakatar taga. Ga abin da na tarar. Siririn littafin nan ta yayyage shi kashi-kashi. Ga wasu katuna da ta yanka daga kwali, wasu daga bayan tsohuwar kalanda, wasu ma na gane ragowar shagona ne, babu biyu masu girma ɗaya. Ta jera su a ƙasa layi-layi tun daga bakin ƙofa har ƙafar gado. Ta ja igiya daga taga zuwa ƙusar bango ta maƙale wasu da abin shanya. Zane-zane a jiki, wani kamar ƙwayar wake mai wutsiya, wani kamar igiya ta naɗe kanta. Sun fi ɗari uku. Na ce a raina, 'yar maɗinki guda, takardunta a ƙasa kamar an zubar da shara, in kyanwa ta shigo ko ruwa ya feso ta tagar nan fa?

Na tattara su tsaf a kwali, ko ɗaya ban bari ba, na kai shago. Ranar ban karɓi aikin kowa ba. Na jera su yadda sana'a ta koya mini, manya a baya, matsakaita a tsakiya, ƙanana a gaba, don gadon bayan ya zauna daidai. Na ɗinke da zare mai kyau, na sa a matsi. Sannan na kai injin yanka na datse gefe uku, sama da ƙasa da baki, kamar faɗin ɗan yatsa, don su yi kai ɗaya. Na ga wasu ƙananan rubuce-rubuce da jan biro a gefen, kamar sawun tururuwa, na ɗauka irin gwajin biro ne da yara ke yi. Na yi masa bango kore mai duhu, na buga Dakta da sunanta da zinare. Wallahi a shekara talatin da ɗaya ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Na ajiye mata a kan matashi.

Da ta dawo ina tsakar gida ina jiran in ji ihun murna. Shiru. Na je na tsaya a ƙofa. Tana zaune a ƙasa inda katunan suke a da, littafin a cinyarta, tana buɗe shafi ɗaya-ɗaya tana shafa bakinsu da yatsa. Ta ɗago ta ce Allah Ya saka mini da alheri, ya yi kyau ƙwarai.

Mahaifiyarta ce ta fayyace mini daga baya, kuma ba ta rage mini komai ba. Ashe jerin nan na ƙasa tafiyar makonni ce, daga mako na farko da ciki ya shiga har zuwa gaba, kuma lambar makon tana kusurwar sama ta kowane kati. Na igiya kuwa jijiyoyin hannu ne, daga wuya zuwa yatsu. Jan biron nan kuma, duk tambayar da ta faɗi a wayar sai ta rubuta a gefen katin abin da ya ruɗe ta. Aikin wata takwas. Mahaifiyar tata ta ce garin gyaran gira na tsone ido, ta ce yanzu a littafina ɗa yana yin yatsu kafin ya yi zuciya, tunda katin yatsu ya fi ƙanƙanta. Na ce mata ai ba a gaya mini ba. Ta ce ai ban tambaya ba.

Yau kwana tara. Tana gaishe ni safe da yamma, tana kawo mini ruwa in na dawo, ladabi ba abin da ya ragu. Amma Baba take ce mini. Farfesa ya mutu. Na ga ta sayo sabon kwali ta fara yanka daga farko, idonta duk ya faɗa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ni ba na zubar da takarda, tun zamanin da ba ni da ita. Abin da wuƙar injin ta datse yana nan, ɗauri uku, na sa musu roba yadda suka sauko, suna cikin aljihun teburina. Jiya da rana da babu kowa a shago na zaro ɗaya na sa tabarau. Rubutunta ne, ƙanana, ta matse su don su shiga. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Na mayar na rufe.

Tambayata, Gwaggo, tunda ke kina hulɗa da masu ilimi: wane littafi ya kamata yarinyar nan ta riƙe? In tsaya a kan manyan nan uku, tunda da siririn ta faɗi bara? Ko in nemo mata wani na huɗu wanda ya fi su? Wayar nan karatu ce ko ɓata lokaci? Sannan ɗaurin nan uku, in fito da su ko in bar kaza cikin gashinta? Ina tsoron in ta gan su abin ya dawo mata sabo. Ni fa ban yi don mugunta ba. Shekara talatin ina buga sunayen 'ya'yan mutane da zinare, suna zuwa da iyayensu suna karɓa ana ɗaukar hoto a ƙofar shagona. Sau ɗaya na so in buga na tawa.

Naki,
Maɗinki, uban Dakta

*

Baban Dakta, na karɓi gaisuwa, kuma na yarda ka girme ni, don haka zan yi maganata a durƙushe. Amma zan yi ta.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karo na farko na yi dariya har na share hawaye a wurin littafin da ke gadin ƙofa. A karo na biyu ban yi ba. Kai mutum ne da ya so 'yarsa da abin da hannunsa ya iya, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Kuskurenka ɗaya: ka auna littafin likita da ma'aunin maɗinki. Zare da gam suna gaya maka shekarun da littafi zai yi, ba sa gaya maka ko zai shiga kan mutum a mako bakwai.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai tambayarka wurin ƙanin mijina da ke koyar da ɗaliban likita. Ya ce manyan littattafan nan naka na ƙwarai ne, idonka bai yaudare ka ba, amma irinsu ake karantawa a shekarun farko na makaranta, kuma 'yarka ta riga ta ratsa su. Wanda jarrabawa ta matso masa bita yake yi. Abin da yake bukata littafi ɗaya taƙaitacce wanda ya saba da shi, da ɗaya mai hotuna don ido ya riƙa ganin inda kowace jijiya ta bi, da tambayoyi kullum, ya amsa, ya faɗi, ya gano dalilin faɗuwar. Ka ga ke nan wayar nan karatu ce, wataƙila ma ita ce mafi wuyar karatun. Batun littafi na huɗu kuwa, ka rufa mata asiri. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Sai dai kana da gaskiya a wuri guda, kuma ina so Dakta ta ji. Siririn littafi shi kaɗai yana iya barin rami. Duk inda ta ga tana faɗuwa a tambaya iri ɗaya sau biyu, sau uku, nan ne za ta ɗauko babban ta buɗe wannan babin kaɗai ta karanta shi a nutse. Yana da kyau kuma ta nuna tsarin karatunta ga wani malaminta ko wanda ya ci jarrabawar kwanan nan, tun a makon nan. Ƙofa kuma a nemo mata dutse. Kyautar uba ba ta gadi, ko da ba za a karanta ta ba. Ita ma da ta zaunar da kai minti goma ta nuna maka abin da jerin nan yake nufi, da ba a kai nan ba. Ku biyun kun yi kama, kowa yana aikinsa a ɓoye yana jiran a gani a yaba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ƙanin mijina ya ce, wanda ya sa na ce lallai kai za ka fi kowa gane shi. Ya ce a farkon makonni ɗan tayi a shimfiɗe yake kamar fallen takarda, sannan ya naɗe, gefe ya haɗu da gefe, kai ya sunkuyo, daga naɗin nan kowace gaɓa ke samun mazauninta. Kai da kake naɗe babban falle ya zama shafi goma sha shida, ka san in aka karkace naɗi ɗaya, shafi na tara sai ya biyo bayan na biyu. To wannan fannin gaba ɗayansa sanin me ya riga me ne. Abin da ta shimfiɗa a ƙasa ke nan. Ba ka shiga ɗakin da aka zubar da shara ba, Baban Dakta, ka shiga shagon wata ne tana tsakiyar aiki. Ka tuna yadda za ka ji in wani ya shigo naka ya jera maka shafukan kundi bisa kyawun rubutu.

Ɗaurin nan uku kuwa, ka fito da su yau, kada ka kai gobe. Rowar takardarka ce za ta cece ku. Tunda ka ɗaure su yadda wuƙa ta sauke su, suna nan a jere daidai da shafukan littafin, na farko na shafin farko, na biyu na na biyu. Don haka kada ka fara warware ɗinkin. Ka bi shafi-shafi tukuna, ka mayar wa kowanne gefensa ka manne ta baya, yadda rubutun zai karantu. In ka gama, sannan ka yanke zaren. Wannan aikin ka fi ni saninsa nesa ba kusa ba, kuma ban san wani a duniya da zai yi shi da kyau kamarka ba. Kwana biyu ko uku ne a wurinka, ita kuwa wata takwas ne za su dawo mata.

Amma kafin ka taɓa komai, ka tambaye ta. Ka ɗauki ɗaurin ka je ɗakinta, ka yi sallama, ka ajiye a gabanta, ka ce ka yi kuskure kuma ka gane girmansa. Kada ka ƙara da cewa ai don ita ka yi, ta sani, shi ya sa ma ta kasa yi maka fushi a fili, ta bar shi yana cin ta a ciki. Kada ka kawo zancen kyanwa ko ruwan sama. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wadan da kai ka haifa. In ta yi kuka ka bar ta ta yi, na kwana tara ne ya taru.

In katunan sun dawo, jerawa aikinta ne, kada ka sa hannu ko da ka ga babba a gaban ƙarami yana yi maka ƙaiƙayi a ido. Mayar da su mako-mako da kanta ma bita ce mai kyau. In kana son ka taimaka, ka yanka mata sababbin katuna masu faɗin gefe, ka ƙara mata igiya, ka gyara sakatar tagar nan da na lura har yanzu ba ka ce ka gyara ba. In ta yarda, ka riƙa zama kana riƙe katin tana faɗa maka abin da ke ciki. Ba sai ka gane ba. Mai bayani shi ke ƙaruwa.

Bangon kore kuma kada ka yar, kada ka kankare zinaren. Ka sa shi a aljihun teburin nan inda ɗaurin suke. Ban ce ka yi kuskure da ka buga sunanta ba, gaggawa kawai ka yi. Ranar da sakamako ya fito, in Allah Ya yarda, ita da kanta za ta jero katunan yadda take so ta kawo maka shago, ka ɗinke, a ɗauki hoton nan a ƙofa. A ranar, don Allah, ka bar injin yanka ya huta. Littafin zai fito baki ba daidai ba, wani shafin ya leƙo wani ya noƙe, kuma na san zai dame ka duk lokacin da ka kalle shi. Ka daure.

Allah Ya ba Dakta sa'a, Ya buɗe mata ƙwaƙwalwa, Ya sa ta ga abin da ta karanta. Ka gaishe mini da mahaifiyarta, ka ce na ce maganarta ta yatsu da zuciya ta fi duk abin da na rubuta. Kai kuma Allah Ya ƙara wa hannunka albarka, Ya dawo maka da kujerarka ta Farfesa.

Gwaggo